Yadda Muka Sauya Fambel ɗin Feloda a Ramin Burji

Aikina shi ne kula da manyan injinan wani kamfanin gina hanya da ke haƙar burji a wani rami da ke wajen birnin Kano, kuma a cikin dukan gyare-gyaren da ke biyowa ta hannuna babu wanda mutane suka raina kamar na fambel. Idan famfon haidirolik ne ya lalace, kowa yakan natsu, a ɗauko littafin injin, a ware kwanaki, a yi haƙuri. Amma idan bel ne ya fara kuka, sai ka ji ana cewa a ɗan ɗaure shi kawai domin motoci na jira. Wannan rainin shi ne ya sa aikin yake da haɗari, saboda bel yana zaune ne a wuri mafi muni a jikin inji, tsakanin fuli masu juyawa, wato fayafayan ƙarfe masu gurbi da yake hawa, da fanka mai fukafukan ƙarfe, dab da lagireto mai ruwan zafi, kuma ba a kaiwa gare shi sai an cusa hannu har gwiwa. Abin da zan kawo a nan shi ne yadda ni da yaron da ke koyon aiki a wurina muka yi wannan gyara a kan wata tsohuwar feloda, wato motar loda burji mai bokiti a gaba, ƙirar Caterpillar 966 mai injin 3306, a ƙarshen hunturu, lokacin da ƙura ba ta gama sauka ba, zafin bazara kuma ya fara leƙowa.

Direban felodar dattijo ne da ya daɗe a kan manyan injina, kuma shi ya same ni da hantsi ya ce, "Malam, motar nan tana wani kuka mai tsini idan na tayar da ita da safe, kuma in rana ta take ina loda tifa sai in ga allurar zafi tana hawa inda ba ta saba zuwa ba." Na ce masa, "Baba, batir fa, yana cika?" Ya ce kwana biyun nan kik yana nauyi da asuba. Waɗannan alamu uku wuri guda suke nunawa. A injin 3306 haƙoran giya ne ke juya famfon ruwa, saboda haka aikin bel shi ne juya fanka da altaneta. Idan ya fara zamewa a kan fuli, fanka za ta rage gudu, iskar da ke ratsa lagireto ta ragu, altaneta kuma ta kasa mayar wa batir abin da kik ya ɗiba. A wasu injinan, kamar Cummins mai lita 5.9 da ke cikin injinan haƙa da yawa, bel ɗin ne ke juya famfon ruwan ma, don haka idan ya tsinke ruwa yakan tsaya cik, zafi ya haura cikin 'yan mintoci, kuma direban da bai lura ba zai iya ƙona gaskit ko ya tsaga kan silinda a kan abin da kuɗinsa bai kai na man da motar ke sha a yini ɗaya ba.

Mai kula da wurin, wanda tifofi suka yi wa layi a bakin rami, ya nemi in leƙa in ƙara wa bel ɗin ƙarfi nan take ba tare da an kashe injin ba. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ka ba ni motar zuwa la'asar, in sha Allahu gobe ba za ka ji kukan nan ba, amma ba zan sa hannuna ko na yaron nan a cikinta tana aiki ba." Bai ji daɗi ba, amma ya karkatar da tifofin zuwa wajen injin haƙa. Akwai dabarun da na sha gani ana yi a irin wannan hali waɗanda ba na yarda a yi su a gabana: wani yakan goga sabulu a jikin bel injin na gudu, wani ya ɗiga masa man birki, wani ya watsa masa yashi wai don ya kama. Kukan yakan ɗauke na ɗan lokaci amma dalilinsa yana nan, mai yana kumbura roba ya ruɓar da ita, yashi kuma yana cin fuli. Abin da ya fi damuna shi ne duk waɗannan dabaru suna bukatar mutum ya miƙa hannu zuwa inda bel ke shiga fuli, wurin da idan ya kama yatsa ko bakin hannun riga ba ya saki. Injin da aka bari a silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, yana juyawa fiye da sau 10 a kowace daƙiƙa, kuma babu ɗan Adam ɗin da saurin janye hannunsa ya kai haka.

Na sa Baba ya fito da motar daga ramin zuwa fili mai tauri wanda ba shi da gangara, nesa da hanyar tifofi, ya miƙe ta sambal, ya sauke bokiti har ya kwanta a ƙasa, ya sa giya a firi, ya ja hambirki, sannan ya bar injin a silo kamar minti 5 domin tobo ya huce kafin ya kashe. Bayan ya kashe, ya motsa libobin haidirolik gaba da baya don sauke matsin da ya rage. Feloda a ƙugunta take lanƙwasa, kuma masu ƙera ta sun tanadi wani ƙarfe da ake maƙalawa tsakanin rabin gaba da rabin baya don hana ta naɗewa. Muka saka shi, duk da cewa aikinmu a can baya yake inda injin ke zaune, saboda ta wannan ƙugun yara ke ratsawa idan an aike su ɗauko sufana. Muka kuma kafa waigi a gaba da bayan taya.

Daga nan sai batun makulli, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Zare makulli a jefa a aljihu bai wadatar ba, domin makulli iri ɗaya ne ke tayar da kusan dukan tsofaffin injinan Caterpillar, kuma kowane direba a wurin yana da nasa, haka ma ɗan makullin da ke yanke wutar batir. Ban da wannan, a wuraren aiki irin namu an saba idan kik ya yi gardama a ɗauko sufana a haɗa masa wuta kai tsaye ba a ko bi ta kan makulli ba. Saboda haka na kashe makullin batir na zare shi, na kwance wayar batir mai alamar ragi, wadda ke haɗe da jikin mota, na naɗe bakinta da roba na kawar da ita gefe, na rufe akwatin batir da kwaɗona wanda ni kaɗai ke da mabuɗinsa, sannan na rataya allo a sitiyari mai ɗauke da rubutun "Kada a tayar, ana aiki a injin". Bayan duk wannan na roƙi Baba ya hau ya murza nasa makullin kamar zai tayar. Ya murza, ko allura ɗaya ba ta motsa ba, sai ya sauko muka kulle ɗakin direba. Ba na tsallake wannan gwajin, domin shi kaɗai ne ke tabbatar da cewa abin da na yi zaton na yanke ya yanku. A sababbin injinan da ke amfani da ruwan AdBlue mai rage gubar hayaƙi akwai wata 'yar fitila kusa da makullin batir da ake jira ta mutu kafin a yanke wuta, don injin ya gama janye ruwan daga bututunsa. Wannan tsari kuwa ba ni na ƙago shi ba. A Amurka hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta OSHA ta mayar da kullewa da rataya gargaɗi doka tun 1989, a Najeriya kuma Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu juyawa a masana'antu. A cikin ramin burji babu jami'in da zai zo ya duba, don haka alhakin yana wuyan bakaniken da ke riƙe da sufana.

Muka jira injin ya huce har ana iya ɗora tafin hannu a saman lagireto ba tare da an janye ba. Ruwan da ke ciki yana cikin matsi, yana iya wuce zafin tafasa bai tafasa ba, kuma da an buɗe murfi sai ya yi tsartuwa a fuska, don haka ba mu taɓa murfin ba. A wannan jiran na duba shigar yarona. Ya naɗo rawani a wuya saboda ƙura, na sa ya cire ya sa takunkumi. Ya cire zoben azurfa da agogo, ya fitar da carbi daga aljihun gaba, ya ɓalle maɓallan hannun rigarsa ya naɗe su tamau. Jallabiya da duk wata riga mai yalwa ba ta kusantar bel a wurina. Muka goge giris daga matakala, kuma na tuna masa ƙa'idar hawa da sauka, wato fuska na kallon mota, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya suna riƙe a kowane lokaci, kayan aiki kuma a miƙo su daga ƙasa bayan an hau.

Da muka kwance ragar ƙarfen da ke kare fanka, ban taɓa ko noti ɗaya ba sai da na haska tocila na ƙare wa wurin kallo, domin bel ɗin da ya mutu yakan nuna abin da ya kashe shi, kuma da zarar an cire shi an goge wurin shaidar ta tafi. A kan wannan motar bel uku ne a jere, suna zagaya fulin karanshaf da na fanka da na altaneta. Biyu kamfani ɗaya ne, na ukun daban, alamar wani da ya riga ni taɓa motar ya sauya guda ɗaya ya bar biyu. Sabon bel bai miƙe kamar tsofaffin ba, saboda haka shi kaɗai ya riƙa ɗaukar nauyin da aka raba wa uku har ya gaji, sauran biyun kuma suna ta kaɗawa sako-sako. Gefen dukansu ya taurare yana sheƙi, wanda shi ne tambarin zamewa da zafi, cikinsu ya tsattsage, kuma baƙin garin roba ya taru a kan ƙarfen da ke riƙe da altaneta. Na nuna wa yaron sauran alamun da ba su bayyana a nan ba don ya san su idan ya gamu da su: bel ɗin da gefe ɗaya kawai ya cinye yana nuna fuli ba su daidaita ba, wanda ya kumbura ya yi laushi ya sha baƙin mai ko man gas, wanda kuma yake kifewa a gurbinsa galibi zaruruwan cikinsa ne suka tsinke tun ranar da aka saka shi da ƙarfi. Na ɗauki hoton yadda suka zagaya da wayata kafin mu ci gaba.

Irin wannan bel mai siffar V, wanda John Gates ya ƙirƙiro a birnin Denver na Amurka a 1917, da gefunansa biyu yake kama fuli, kamar waigin da mai faskare ke kafawa a tsagin itace, wanda yawan danna shi ke ƙara masa kamu. Cikinsa bai kamata ya taɓa ƙasan gurbin ba ko kaɗan. Da na duba fulin altaneta sai na ga belolin sun nutse ƙasa da bakinsa, ƙasan gurbin kuma ya goge yana walƙiya, alhali a fuli mai lafiya wurin nan dushe yake saboda babu abin da ke taɓa shi. Bayan mun cire belolin na saka ɗan ma'aunin gurbi na roba, na haska tocila ta bayansa, haske ya ratso ta gefe biyu. Ƙa'idar da masu ƙera bel suka bayar ita ce idan cin ya kai kimanin milimita 0.8 fulin ya gama aiki. Ƙurar burji tana ɗauke da ɓarɓashin dutse mai kaifi da ke shiga tsakanin roba da ƙarfe, kuma fulin altaneta, da yake shi ne ƙarami kuma mafi saurin juyawa, shi ke fara cinyewa. Da na bi shawarar ɗaurewa kawai, da bel ya ci gaba da zamewa a kan ƙasan gurbi komai ƙarfin da aka ba shi, ƙarin ƙarfin kuma ya sauka a kan boris.

Cire belolin bai ɗauki lokaci ba. Na sassauta notin da altaneta ke juyawa a kansa da notocin sandar daidaitawa, na tura ta ciki har belolin suka saki, muka zare su ɗaya bayan ɗaya ta kan fukafukan fanka. Da fuli suka zama babu komai a kansu na juya kowanne da hannu ina saurare, na kuma girgiza shi gaba da baya. Boris ɗin altaneta yana tafiya sumul, na fanka ma babu wasa a cikinsa, sai dai yana bukatar giris, muka ba shi daidai gwargwado muka goge rarar don kada ta fantsama a kan sabon bel. Na duba bakin karanshaf ko oyilsil yana yoyo, na same shi a bushe. Fanka kuwa na bi fukafukanta ɗaya-ɗaya ina neman tsaga a gindinsu, na kuma ja kunnen yaron cewa ba a kama fiffiken fanka don a juya inji, domin fiffiken da ya lanƙwashe ko ya tsage yana iya ɓallewa ana cikin aiki ya huda lagireto ko ya sami mutum.

Na aika kasuwar Ƙofar Ruwa da lambar da ke littafin injin da tsohon fulin don a gwada, na kuma jaddada cewa saiti ake so, uku kamfani ɗaya tsawo ɗaya, a ɗaure tare yadda suka fito. Ba a auna sabon bel da tsohon da ya riga ya miƙe, kuma ba a yarda da "ai kusan ɗaya ne", domin bel mai harafin A faɗinsa milimita 13 ne, mai B 17, mai C 22, kuma wanda bai dace da gurbi ba ko dai ya hau sama ko ya nutse. Kafin ɗan aiken ya dawo muka wanke gurabun sauran fulin da burushin waya, muka busa ƙurar da ta toshe lagireto. Da sabon fuli ya hau altaneta na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa da fuskar fulin karanshaf, na ga ya taɓa su a wuri huɗu, biyu a kowanne, wanda ke nuna suna kan layi ɗaya.

Wajen saka sababbin ne na fi zuba wa yaron ido. Ya ɗora na farko ya ga saura ƙiris ya faɗa gurbi, sai ya miƙa hannu zai ɗauki sukundireba. Na ce masa ya dakata. Ya ce, "Oga, ɗan kaɗan ne ya rage, in na ɗan bankare shi zai shiga." Na ce masa wannan ɗan kaɗan ɗin ne ke tsinka zaruruwan da ke cikin roba, waɗanda su ne ƙarfin bel, kuma ido ba zai ga ɓarnar ba sai bayan makonni bel ya fara kifewa a rasa dalili. Maganin shi ne a ƙara tura altaneta ciki, muka ƙara sassauta sandar, bel ya zauna da kansa. Akwai wata al'ada da ta fi wannan muni, inda mutum yake riƙe bel a bakin fuli ya ce wa direba ya ɗan taɓa kik don ya ja shi ya hau. Na san mutanen da ke yawo da guntayen yatsu saboda ita, kuma kwaɗon da ke kan akwatin batir yana nan ne domin ko wani ya so yin hakan ya kasa. Ko inji a kashe ma yatsa yana iya matsewa, saboda fanka tana da nauyi kuma idan aka juya ta takan ci gaba da tafiya, don haka na koya masa ya riƙa tura bel da tafin hannu a buɗe, yana ja daga inda bel ke fita daga fuli, yatsunsa kuma kada su taɓa zagaya shi.

Ɗaurewa ita ce inda ƙwarewa ke yaudarar mutane, domin kowane bakanike yana ganin babban yatsansa ya san daidai. Ni ban yarda da yatsa ba, nawa ko na wani. Bel mai sako-sako yana zamewa ya yi zafi ya ƙone, wanda aka ɗaure fiye da kima kuma ba ya kuka, shi ya sa ake son sa, amma a hankali yake cin boris ɗin altaneta da na fanka har wata rana su watse. Littattafan Caterpillar da yawa sun ce a danna tsakiyar tazarar da ke tsakanin fuli biyu da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 11 a auna yadda bel ya lotsa, na Komatsu kuma sukan ba da kilo 6, sannan adadin lotsawar ya bambanta daga inji zuwa inji, shi ya sa littafin motar da ke gabanka shi ne alƙali. A injinan masana'antu akwai ƙa'idar milimita 16 a kowace mita ta tazara, amma ita ma sai an san ƙarfin da za a danna da shi take da amfani. Na shimfiɗa miƙaƙƙen ƙarfe a kan tazara mafi tsawo, yaron ya riƙe rula, ni kuma na yi amfani da ma'aunin dannawa mai sifirin. Wanda ba shi da irinsa zai iya maƙala ƙaramin sikelin rataya ya ja har allura ta kai nauyin da ake so. Na riƙa juya notin sandar rabi-rabi ina sake aunawa har kowane bel ya tsaya a wajen milimita 15, wanda ke cikin iyakar da littafinmu ya bayar. Ban sa liba a jikin altaneta ba, domin kaskonta ba shi da kauri kuma yana fashewa. Na ɗaure notoci, na sake aunawa, saboda ɗaure su kan ɗan motsa altaneta.

Muka mayar da ragar kariya da dukan notocinta, ba biyu daga cikinsu ba kamar yadda ake yi idan ana sauri, muka ƙirga sufanu da tsummoki muka ga sun cika, domin tsumma ɗaya da aka manta kusa da fanka ya isa ya kaɓe bel daga fuli. Na zagaya motar na tabbata babu kowa a ƙarƙashinta ko a ƙugunta, na mayar da wayar batir, na cire kwaɗo da allon da hannuna, sannan na tsaya inda Baba ke ganina sosai. Ya danna ham, ya jira, na ɗaga masa hannu, ya tayar. Na tsaya a gefe, ba a saitin fanka ba, ina kallo ta cikin raga. Fanka mai gudu takan ɓace wa ido har mutum ya ga kamar wurin fili ne, shi ya sa nake sa hannuwana a baya duk lokacin da nake duban inji mai aiki. Belolin uku suna tafiya tare babu mai kaɗawa, kukan ya ɗauke, allurar caji ta hau.

Aikin bai ƙare a nan ba. Sabon bel yakan zauna cikin gurbi ya ɗan miƙe a farkon aikinsa, shi ya sa Caterpillar ta ce a sake duba shi bayan minti 30 yana aiki, Cummins kuma tana ɗaukar bel a matsayin wanda aka yi amfani da shi da zarar ya yi minti 10. Muka cire waigi da ƙarfen ƙugu, Baba ya loda tifofi na rabin awa, ya dawo wurin da muka tsaya da farko. A ganina wannan dubawa ta biyu ta fi ta farko haɗari, saboda kowa ya gaji, la'asar ta yi, mota ta nuna ta warke, abin da ya rage kuma juyi ɗaya ko biyu ne na noti, sai zuciya ta raya wa mutum cewa ba sai an sake wahalar kwance batir ba. Yarona ma ya tambaya ko za mu bar kwaɗon tunda minti biyu ne. Na ce masa fuli bai san minti biyu ba, muka maimaita komai daga farko: bokiti a ƙasa, hambirki, ƙarfen ƙugu, waigi, wayar batir, kwaɗo, allo, gwajin makulli, da jiran injin ya huce. Da muka auna, belolin sun ɗan saki kamar yadda ake tsammani, muka mayar da su daidai.

Washegari da sassafe, kafin a tayar da komai, muka bi sauran injinan da wannan tsarin. Sababbin cikinsu bel ɗaya ne mai faɗi mai layi-layi a ciki, yana zagaya dukan fuli, lambarsa kuma tana faɗin siffarsa, misali 8PK1500 yana nufin layi 8 da tsawon milimita 1500. Ba a ɗaure irin wannan da hannu, akwai tenshina mai sifirin da ke riƙe shi, kuma wannan sifirin yana da ƙarfin da zai murƙushe yatsa, don haka da doguwar sanda mai shiga ramin da aka tanada ake ɗaga shi, a sake shi a hankali. Abin dubawa a nan shi ne ko hannun tenshinar ya kai maƙura, ko ya karkace, ko fulinsa yana ƙara. Cummins ta bayyana cewa ƙananan tsaga da suka gitta layukan ba su hana aiki, amma idan tsaga ta bi tsawon bel ta haɗu da su, ko wani yanki ya ɓalle, sai a sauya. Yawancin belolin yanzu da robar EPDM ake yin su, wadda ba ta cika tsagewa ba, sai dai layukanta su riƙa sirancewa, saboda haka bel zai iya zama kyakkyawa a ido alhali ya gama aiki, kuma ɗan ma'aunin zurfin layi ne ke tona shi.

A littafin felodar na rubuta adadin da agogon awa ya nuna, da lambar saitin, da sauyin fuli, na kuma sa a sake dubawa idan ta ƙara awa 250, ban da kallon da Baba zai riƙa yi kowace safiya kafin ya tayar. Tsofaffin belolin na yanka su gida biyu don kada wani ya tsince su ya mayar a kan wata motar. Na sa an sayo saiti na biyu an ajiye a sito cikin kwalinsa, a inuwa, nesa da durom ɗin mai da injin walda, kuma ba a rataye a kan ƙusa ba, domin zafin rana yana busar da roba, ƙusa kuma tana lanƙwasa bel a wuri ɗaya har ya riƙe wannan lanƙwasar.